Tambaya da Amsa: Wa yake kukan tsuntsaye a cikin wannan kiɗan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ni daga Maiwurno nake, nan Sudan. Jiya yarona ya kunna min wani tsohon kiɗan Amurka a YouTube wai shi exotica, ga ganga ga kukan tsuntsu har da na kwaɗi kamar mutum yana bakin Nilu da damina, muka yi ta musu, shi ya ce na'ura ce ni na ce a daji aka naɗo. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To kai da yaron naka duk ba ku canka ba, kukan tsuntsun bakin mutum ne. Wanda ya fi shahara da wannan shi ne Augie Colón, makaɗi a ƙungiyar Martin Denny, wani Ba'amurke mai kaɗa piyano, an haife shi a Honolulu ta tsibiran Hawai a 1927, asalin iyayensa 'yan Puerto Rico ne. Bongo da konga yake bugawa, gangunan Kuba waɗanda tushensu Afirka ne, hannu na kan fata baki kuma na kukan tsuntsu, duk a lokaci ɗaya.

Yadda abin ya samo asali ma abin dariya ne. Suna wasa ne a Shell Bar, mashayar wani otal a unguwar Waikiki ta Honolulu, kusa da wani tafki, sai suka lura in sun fara kiɗa kwaɗi su ɗauka, in sun tsaya kwaɗi su yi tsit, shi ne 'yan ƙungiyar suka shiga kwaikwayon tsuntsaye don raha kawai, washegari wani ya zo yana neman a maimaita masa mai tsuntsaye da kwaɗin nan. Shi kenan abu ya zama sana'a. Faifansu Exotica ya fito a 1957, kiɗan Quiet Village kuma ya kai na 4 a jerin waƙoƙin Amurka a 1959, shekarar da Hawai ta zama jiha.

Amma fa kar ka ɗauka kiɗan gargajiyar wasu mutane ne, dajin da Ba'amurke yake hasashe ne yana zaune a falonsa. Abin da ke ɗan cin raina shi ne sunan Denny kowa ya sani, mai gangar kuwa sai an tona, duk da ya fitar da nasa faifan har biyu a kamfanin Liberty. Ya rasu a 2004, ɗansa Lopaka ya gaji gangar da kukan tsuntsun duka.