Kwamfutata na ta kawo saƙon "memory" idan na kunna waƙa: sai an yi fomat?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka, ina da laftof mai Windows 10. Da na buɗe waƙoƙi da karatuttukan da na taho da su daga gida, Windows Media Player sai ya rufe kansa, ya rubuto "The memory could not be read". Mai gyara ya ce memori ce ta cika, sai an yi fomat. Akwai muryar mahaifiyata a ciki, Allah ya jiƙanta. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya gafarta wa Mama. Kada ki yarda a yi fomat. Yau ɗin nan ki kwafe fayilolin zuwa wani wuri, ki ajiye muryar Mama a wuri biyu.

Wannan magana ta "memori ta cika" ta ishe mu. Saƙon ba ruwansa da faifan da kike ajiya a kai. RAM yake nufi, wato memorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin: manhajar ta kai hannu wani sashe na RAM da ba nata ba, Windows ya kashe ta nan take. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuran da suka faru, za ki ga lambar 0xc0000005. Faifai in ya kusa cika, ja zai yi a File Explorer, ba wannan saƙo zai ba ki ba. Amma wasu masu gyara, ko ciwon kai ka kai musu, fomat ne maganinsu, don shi ne aikin da ba ya bukatar tunani. A share wa mutum hotunan aurensa da karatun malaminsa, a karɓe masa riyal, ya koma gida ya mayar da waƙoƙinsa daga filashi, in akwai gurɓataccen fayil a ciki ya dawo tare da su, cuta ta tashi sabuwa. Sai a ce masa bairos ne. Haka manhajojin nan masu iƙirarin "wanke RAM": ba sa gyara komai, wasunsu talla kawai suke cusa miki.

Ki fara da VLC, wata manhajar kunna waƙa da bidiyo. Shi da nasa kodek (abin da ke karanta fayilin sauti) yake tafe, ba ya aron na Windows. In ya kunna komai lafiya, laifin na Media Player ne. Ki cire duk tarin kodek da aka loda miki, sannan ki rufe Media Player, ki danna Windows da R, ki rubuta %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Media Player, ki goge fayilolin da suka ƙare da .wmdb. Rajistar waƙoƙi ce kawai, zai sake gina ta, waƙoƙinki na nan.

In ya ci gaba, akwai fayil mai matsala. Ki raba waƙoƙin gida biyu, ki gwada kowanne, ki sake raba kashin da ya sa manhajar ta faɗi har ki kama fayil ɗin. Wataƙila bayanan ID3 (sunan waƙa da na mawaƙi da ke cikin fayil) ne suka lalace, ko an manna ƙaton hoto. Manhajar Mp3tag za ta cire su. Saƙon murya na WhatsApp kuwa .opus ne, sauya masa suna zuwa .mp3 ba ya mayar da shi MP3.

Sai in sauran manhajoji ma suna faɗuwa, ko allo na yin shuɗi, za a zargi RAM ɗin kansa. Ki danna Windows da R, ki rubuta mdsched.exe ki bari ya gwada RAM ɗin. In ya nuna kuskure, sandar RAM za a canza, ba a taɓa faifai.

Filashin da za ki kwafe a kai ma ki kula. Masu arha da ake shimfiɗawa a bakin titi lokacin Hajji, wani an rubuta 128GB amma cikinsa kaɗan ne, sunayen fayil na nan, abin da ke ciki ya lalace. Ki gwada shi da manhajar H2testw, mai auna ainihin girman filashi, tun yana fanko.