Tambaya da Amsa: Ƙara wa Jirgin Shaƙatawa Dandamalin Iyo

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu guda: dandamalin da ake kafawa a bayan ƙaramin jirgin ruwa mai inji, inda ake zama a zura ƙafa cikin ruwa, ko a hau ta nan bayan an yi iyo. Ga guda biyar da muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai tsawon ƙafa 21. Injinsa a ciki yake, ƙafar injin mai ɗauke da farfela ta fito ta bangon baya. Ɗan dandamalin da ya zo da shi bai wuce santimita 30 ba, ko zama ba ya yiwuwa. Ina so in kai shi santimita 75. Mai walda ya ce aikin kwana biyu ne. Ta ina zan fara? (Wani mai karatu daga Legas)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kafin mai walda ya taɓa ƙarfe, ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi bangon bayan jirgin kana ƙwanƙwasawa. Bangon yawancin jiragen faiba katako ne a tsakiya, faiba ta lulluɓe shi ciki da waje. Inda katakon yake da lafiya za ka ji ƙara mai kaifi, inda ya sha ruwa kuwa sai ka ji dum-dum kamar an bugi kabewa. In ka yi shakka, ka huda ɗan rami na milimita 6 daga ciki, can ƙasa, ba tare da ka ɓulla waje ba. Garin katako fari busasshe alama ce mai kyau. In ya fito baƙi, da danshi, yana dunƙulewa a yatsa, to aikin dandamali ya tsaya sai an gyara bango.

Ga dalilin da ya sa muka nace a kan haka. A ce manya biyu, kowanne kilo 90, sun tsaya a bakin dandamalin, santimita 75 daga bango. In tazarar da ke tsakanin bol na sama da na ƙasa a jikin matokaran da ke riƙe da dandamalin santimita 30 ce, ƙarfin da ke fizgar na sama ya kai kilo 450, wato 180 sau 75 a raba da 30. Wannan a tsaye cik ke nan. Wani ya yi tsalle ya dira, lissafin yana iya ninkawa. Ruɓaɓɓen katako ba ya ɗaukar wannan. Washa za ta nutse a ciki, bol ya yi sako-sako, ruwa ya samu hanya.

In bango ya ci jarrabawa, sai awo, kuma a kan ruwa ake fara shi. Ka cika tanki, ka sa mutane biyu a kujerar baya, ka ja layi da alkalamin maka daidai inda ruwa ya tsaya. Ƙasan dandamalin ya kasance santimita 20 zuwa 25 sama da wannan layi. In ya yi ƙasa da haka, duk lokacin da ka tashi jirgi gindinsa ya dulmiya, dandamalin zai riƙa jan ruwa, kuma in ka sauke gudu farat ɗaya, igiyar ruwan da ke biye da kai za ta doke shi daga ƙasa. Bayan haka ka fitar da jirgi, ka yanka samfuri da kwali mai kauri, ka ɗaga ƙafar injin har ƙarshe, ka juya sitiyari dama da hagu har ya ƙure. A kowane hali a samu ratar aƙalla santimita 5 tsakanin ƙafar da kwalin. Wannan gwaji na minti goma shi ne wanda aka fi mantawa da shi.

Matokarai huɗu za ka yi, biyu a kowane gefen ƙafar injin, kowanne mai kusurwa uku, da bututun ƙarfe marar tsatsa mai kaurin milimita 25 zuwa 32. Bangon jirgi ba a tsaye sak yake ba, yawanci ya karkata da digiri 12 zuwa 14, don haka mai walda ya ɗauki kusurwar daga jikin jirginka da kwali. Dandamalin ya ɗan sunkuya baya da kamar santimita 1 don ruwa ya gangare.

Tunda a ruwan gishiri kake, ƙarfen ya zama mai lamba 316, wanda ke da sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari; mai lamba 304 zai yi ɗigon tsatsa a ruwan Legas. Maganaɗisu ba ya bambance su. A kan bol dai akwai shaida: A4 shi ne naka, A2 na ruwan daɗi ne. Ka kuma hana mai walda goge aikin da faifan giranda da ya riga ya ci baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa a kan sabon aiki.

Kwana biyu na iya isar walda. Aikin gaba ɗaya ka ware masa mako biyu.

Tambaya: Ni kafinta ne. An kawo mini aikin allon dandamali mai faɗin mita 2.2 da zurfin santimita 75. Wane katako zan sa, kuma kayan nawa zan saya? (Daga Abuja)

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Hanya biyu ce. Mai sauƙi ga kafinta ita ce ta tsagaggen katako: ka tsaga iroko ko tik sirara-sirara, kaurin santimita 3, faɗin santimita 4, ka jera su da ratar santimita 1.5, ka sa ƙananan gutsattsari a tsakani inda matokarai za su zauna. Iroko na jure ruwa, ana kuma samunsa a kasuwannin katakonmu. Ratar nan tana da amfani babba, domin ruwan da ya doko daga ƙasa yana wucewa ta ciki. Sai dai katakon biyu duk suna da maiƙo, don haka ka goge wurin haɗi da asiton, ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, daf da shafa gam, in ba haka ba ba zai kama ba.

Ta biyu ita ce filawud a lulluɓe da faiba. Filawud ɗin silin da na kabad ba su shiga wannan magana. Gam ɗinsu na saki a ruwa, kuma cikinsu akwai kogo. Nemi na jirgin ruwa, mai hatimin BS 1088. In kana shakkar abin da aka sayar maka, yanki ɗan guntu ka tafasa shi awa guda. In ya ɓare, mayar musu da kayansu.

Allonka murabba'in mita 1.65 ne. Ga abin da zai ci: filawud mai milimita 12 guda biyu, a manne su su zama 24, nauyinsu wajen kilo 20; ƙyallen faiba mai saƙa biyu a gicciye, mai giram 600 a murabba'in mita, shimfiɗa biyu sama biyu ƙasa, wato murabba'in mita 8 har da naɗe baki; ifoksi (gam mai haɗi biyu, da ake kwaɓawa da ruwan daskarwa) kilo 8, domin ƙyalle yana shan kusan nauyinsa, sauran kuma ya tafi wajen manne katako, shafen farko da cike ramuka. Ƙara garin silika na kaurara ifoksi, sanfefa mai lamba 80 da 120, rola, safar hannu da takunkumi. In an haɗa da matokarai da tsani, abin zai tashi kilo 45 zuwa 50.

Wurare huɗu ne aikin ke lalacewa. Baki mai kaifi: faiba ba ta lanƙwasuwa a kansa, sai ta ɗago ta bar iska a ƙasa, don haka ka zagaye kowane baki da kamar milimita 10. Sai zafin gari. Ifoksi yana dumama kansa in ya taru a kofi, har ya yi hayaƙi ya daskare. Ko ruwan daskarwa mai jinkiri na kamfanin West System, mai lamba 209, wanda ke ba da minti 40 zuwa 50 a digiri 22, minti 15 zuwa 20 kawai yake bayarwa a digiri 35. Ka riƙa kwaɓa giram 300 a lokaci guda, ka juye a faranti mai faɗi, ka auna da sikeli daidai yadda aka rubuta a gwangwani. Ƙara ruwan daskarwa ba ya sa shi saurin bushewa, sai dai ya bar shi da danƙo har abada.

Na uku, lokacin shafen farko. Katako yana fitar da iska yayin da yake ɗumama, in ka shafa da hantsi sai ka ga kumfa ta cika fuskar. Ka shafa bayan la'asar, zafi na sauka, katakon zai zuƙe ifoksin ciki. Na huɗu, wani maiƙo mai kama da kakin zuma da ke fitowa a fuskar ifoksi bayan ya bushe. Sanfefa ba ta cire shi, shafa shi take yi. Ruwa da soso ne maganinsa, sannan a goge.

Rana tana cin ifoksi, dole a rufe shi da fenti, wanda ya fi shi ne foliyuretan mai haɗi biyu. A shafe na biyu ka barbaɗa tataccen yashi busasshe tun fentin na jiƙe, ka share ragowar washegari, ka sake shafe ɗaya. Wannan ne zai hana santsi. Zaɓi launi mai haske, domin mai duhu yana ƙona tafin ƙafa da tsakar rana. In lokacin hunturu ne, yi fenti a rufaffen wuri ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Ka kuma yanka dogayen tagogi uku ko huɗu a allon tun kafin faiba, faɗin santimita 2, a lulluɓe bakinsu su ma.

Tambaya: An kafa mini dandamali wata shida da suka wuce da dogayen sukurori da gam ɗin silikon. Yanzu ina ganin jan ruwa yana tsiyaya daga ramukan, kuma yana motsi in an taka. (Wani mai jirgi a Kainji)

Amsa: Ranka ya daɗe, a daina hawansa daga yau. Sukuru zarensa kawai ke riƙe da katako, silikon kuma ba ya kama faiba da kyau, ga shi yana barin maiƙon da ke hana wani gam kamawa daga baya. Jan ruwan nan shaida ce katakon ciki ya jiƙe.

A kwance komai. Kowane rami a faɗaɗa shi zuwa milimita 18 ko 20, har sai an kai busasshen katako, a bar shi ya sha iska kwanaki. A liƙe bayansa da tef, a cika shi da ifoksi mai kaurin tuwo mai laushi, a bar shi kwana guda, sannan a sake huda milimita 10.5 a tsakiya. Yanzu bol mai milimita 10 zai ratsa ta cikin ifoksi, ko ruwa ya shiga ba zai taɓa katako ba. Wannan ya fi muhimmanci ga ramukan ƙasa, waɗanda sau da yawa suna cikin ruwa. Kafin hudawa a leƙa ciki, akwai wayoyi, bututun mai da na sitiyari a bayan bangon.

Daga ciki a sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, kamar santimita 10 da 15, don ya raba nauyi. Gam ɗin toshewa ya zama Sikaflex 291 ko 3M 4200. Shi gam ɗin 3M 5200 yana kamawa ta yadda ranar cirewa zai taho da fatar jirgi. A ɗan fiƙe bakin ramin don gam ya taru a wuyan bol. Wajen ɗaurewa, mutum ɗaya ya riƙe kan bol kada ya juya, na ciki ya ɗaure noti, domin juyawar bol tana share gam ɗin. A ɗan shafa man giris a zaren, ƙarfe marar tsatsa yana da halin cijewa.

Tambaya: Nawa injin rataye ne, Yamaha, a tsakiyar bango. Zai yiwu? (Daga Yamai)

Amsa: Zai yiwu, amma gida biyu: ƙaramin dandamali a kowane gefe, kamar santimita 45 da 45, kowanne da matokarai biyu. Gwajin ɗaga inji da juya shi yana nan daram. Ka kula da nauyi, domin injin rataye ya riga ya danne baya. In bayan aikin jirgi ya fara jinkirin kwantawa a kan ruwa, ko hancinsa na sama da ƙasa, matsar da batir ko jarkar mai gaba. Kada kuma dandamali ya rufe fitilar baya, zobban ɗaure jirgi a tirela, ko lambar jirgi da ke saman bango ta hannun dama.

Tambaya: Maigidana ya sa an yi mana dandamali, yara sun fi son zama a can ana tafiya a hankali. Na hana, ana cewa na cika tsoro. (Wata uwa daga Legas)

Amsa: Hajiya, gaskiya na wajenki, kada ki sassauta. Farfela na ƙarƙashin wurin, wannan kowa ya sani. Abin da ba a gani shi ne hayaƙi. Iskar nan mai guba da ke kashe iyali in sun kwana da janareta a cikin gida, ita ce injin fetur na jirgi ke fitarwa, kuma salansarsa a bangon baya take. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Dandamali mai faɗi yana yi mata rumfa ta taru a ƙasa, tafiya a hankali kuma tana jawo ta baya zuwa kan masu zama. Yaro zai ji ciwon kai da jiri, ko ma ya sume ba alama, ya sulale cikin ruwa ko da gwanin iyo ne.

A shekarar 2000 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta binciki mace-macen da aka yi a tafkin Powell da ke ƙasar, ta gano janaretocin wasu jiragen ruwa masu ɗakunan kwana suna zuba hayaƙinsu a ƙarƙashin dandamalin iyo, daidai inda yara ke shiga wasa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2004 da ta hana zama a dandamali ko rataya a jikinsa inji na aiki.

Dokar jirginku ta zama haka: ba mai taka dandamali sai an kashe inji da janareta, an zare makulli, an ɗan jira iska ta kwashe hayaƙin. Yara su sa rigar ceto. Ki kuma duba tsanin: a kafa shi a gefe, nesa da farfela, matakinsa na ƙarshe ya nutse aƙalla santimita 56 a ruwa, kuma wanda ke cikin ruwa ya iya sauko da shi da hannunsa ba sai an miƙo masa ba. Mai mataki biyu ba ya kai wannan zurfi. A sa mai huɗu, da mariƙi a saman dandamalin inda hannu zai kama.