Ba mafarki kika yi ba, akwai katun ɗin

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Katun ɗin 'yar ruwa da kike tambaya, mai gashi ruwan zinare wadda ta mutu a ƙarshe, akwai shi, kuma ba na Disney ba ne. Kamfanin Toei na Japan ne ya yi shi a 1975, daga tatsuniyar Hans Christian Andersen, mutumin Denmark. Sunanta Marina, abokinta ɗan kifin dolfin kuma Fritz. Na Disney sai 1989 ya fito, shi ne mai jan gashi da aka sha biki a ƙarshe. Ni ma haka aka riƙa yi min dariya a gida, wai na cakuɗa fim biyu a kaina.

Abin da ya fi ƙona min rai, muna da kaset ɗin! Wani ƙanin babanmu ya are shi, ashe bikin abokinsa ya je ya naɗa a kai. Da ya dawo da shi na saka, farkon yana nan, hotunan Denmark na gaske da ake fara nunawa, sai kawai ga 'yan mata suna rawa ana liƙi. Na yi kuka har na shiɗe. Buɗar bakinsa sai ya ce, "A kan 'yar tsana?" Har yau bai ba ni haƙuri ba, in mun haɗu a gidan suna ma tsokanata yake yi.

Wajen nema ki haɗa da Toei 1975, in ba haka ba na Disney zai cika miki waya. Masu turi kuma kada ki yarda da hoton bango, ki sa a kunna ki ga gashin.

Batun yara, ki fara kallo ke kaɗai. 'Yan ruwan ba su da riga, gashi ne ke rufe su. Ga kuma wurin da yayyen Marina suka ba mayya gashinsu suka karɓo wuƙa, ta tsaya a kan yarima yana barci, ta kasa kashe shi, gari ya waye ta zama kumfar teku. 'Yata ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Gara ki fara musu da na magen nan mai takalma na 1969, Pero, wanda fuskarsa ce tambarin kamfanin katun na Toei har yanzu. Miyazaki, shahararren mai shirya katun na Japan, shi ma yana cikin masu zanensa. Akwai na 'yan'uwan da aka mayar tsuntsaye na 1977, shi ma da ban tausayi.

In kin dace da na Marina mai hoto tas, don Allah ki turo min, wanda na samu duk ya dushe.