Na sayi mako guda a Sifen, ya zame mini ƙarfen ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila. Shekarun baya mun je hutu Tenerife, wani tsibiri na ƙasar Sifen, aka ja mu taron talla, na sa hannu na sayi mako guda duk shekara a wani masaukin shaƙatawa, abin da suke kira taimshiya. Yanzu mun daina zuwa, amma kuɗin kula da gini sai ƙaruwa yake. Wani kamfani ya bugo mini waya, wai in biya su tukuna su fitar da ni. In biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ba su ko sisi. Masu neman kuɗi kafin aiki su ne mafi yawan 'yan damfarar wannan harka, har hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sha yin gargaɗi a kansu. Za su ce maka akwai mai saye a ƙasa, alhali irin wannan mako a shafin saye da sayarwa na eBay wasu dala ɗaya suke sa masa, kuma ba mai taya.

Ɗauko takardar yarjejeniyar ka duba shekarar da ka sa hannu da kuma wa'adinta. Dokar Sifen mai lamba 42 ta 1998 ta hana yarjejeniyar taimshiya wuce shekara 50, kuma a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wadda aka ƙulla ba iyaka bayan dokar ta fara aiki. In taka haka take, nemi lauya mai rajista a Sifen, wanda kai ka nemo shi, ba wanda ya nemo ka ba. Kada ka ja lokaci. Haka nan in sun karɓi kafin alƙalami a hannunka cikin kwanakin da doka ta ba ka na sake shawara bayan sa hannu, ka gaya masa, domin haramun ne a dokar Sifen. A Sifen, tun 2012 wa'adin nan kwana 14 ne, bisa umarnin Tarayyar Turai.

Idan yarjejeniyar ba ta da aibi, rubuta wa masaukin kai tsaye cewa kana so ka mayar musu da makon. Wasu sukan karɓa, musamman in ba a bin ka bashi. Shi ya sa ba na so ka daina biya haka kawai, don za su iya turo maka masu karɓar bashi. Duk abin da kuka cim ma, su ba ka a rubuce cewa nauyin ya sauka daga kanka da kan magadanka.