Me ya sa masu kallon opera suke yi wa darakta ihu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo daga Jamus, an gama wasan opera, mutane cikin kwat da dogayen riguna suna ta tafi kamar hannu zai tsage. Can sai wani mutum ya fito dandamali, nan take zauren ya kaure da ihun "buu". Me ya yi musu? Kuma ba rashin ɗa'a ba ne mutum ya biya kuɗinsa ya zo ya yi wa mai wasa ature? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wanda ake yi wa irin wannan ihun bayan an gama tafa wa mawaƙa, kusan kullum darakta ne, wato wanda ya tsara abin da ido ke gani: kayan sawa, fasalin dandamali, zamanin da aka ajiye labarin da abin da kowa zai yi da jikinsa. Shi da mutanensa a daren farko suke fitowa gaban labule, masu kallo kuwa sun san haka, sai su adana fushinsu har ya bayyana.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganarsa da waƙa, makaɗa da yawa na zaune a ramin gaban dandamali. Yawancin waɗanda ake maimaitawa sun haura shekara ɗari, na mashahuran masu tsara kiɗa irin su Mozart da Verdi da Wagner, kuma kiɗa da baitoci ba a cika taɓa su ba. Masu zuwa sun haddace su. Abin da ya rage wa darakta shi ne hoton, kuma a nan rigima take. A Jamus ta fi zafi, domin ƙasar na da gidajen opera kimanin 80, gwamnati ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗinsu, saboda haka darakta na iya gwada abin da ya ga dama ba tare da tsoron cinikin tikiti ba.

Ni abin da nake so ki riƙe shi ne, ihun ba iri ɗaya ba ne. Akwai na wanda aka taɓa masa abin da ya saba, akwai na wanda aka cutar da gaske.

Na farkon, babu misalin da ya kai na garin Bayreuth da ke Jamus a 1976. A can Wagner ya gina gidan wasansa, a can aka fara nuna jerin opera huɗu nasa da ake kira Ring a 1876, labarin zinariyar da aka sace daga kogin Rhine aka ƙera zoben mulkin duniya. Don cika shekara ɗari, aka ɗauko wani Bafaranshe ɗan shekara 31, Patrice Chéreau, tare da Pierre Boulez a matsayin jagoran makaɗa. Da aka ɗaga labule, maimakon ƙarƙashin kogi sai ga madatsar ruwa ta lantarki, 'yan matan ruwa sun koma karuwai, alloli kuma attajiran zamanin masana'antu. Mutane suka shigo da usur suna busawa, aka yi ta cacar baki a cikin zaure, har barazana aka aika. Amma Chéreau ba daga iska ya ɗauko wannan fassara ba. Wagner da kansa ya shiga tawayen Dresden na 1849, har ya gudu daga ƙasar, kuma labarin nasa na wanda ya sayar da ƙauna don dukiya ne, ya tara bayi suna haƙar masa zinariya a ƙarƙashin ƙasa. Da mutane suka sake kallo shekara bayan shekara, suka ga hoton na tafiya da kiɗan. A wasan ƙarshe a 1980 tafin ya wuce minti arba'in, kuma yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukan ƙarnin da ya wuce. Haka aka yi da darakta Hans Neuenfels a 2010, da ya sa wa 'yan amshin Lohengrin, wata opera ta Wagner, kayan ɓeraye: ihu da farko, daga baya aka ƙaunace shi.

A gidan dai, a 2013, Frank Castorf ya mai da Ring labarin man fetur, da dutse mai ɗauke da fuskokin Marx da Lenin da Stalin da Mao, da kadoji suna rarrafe a dandamali. An yi masa ihu na kusan minti goma, shi kuwa ya tsaya ƙyam yana nuna agogonsa yana taɓa goshi. Jagoran makaɗa Kirill Petrenko, a daren, tafi ya sha. Kin ga masu kallo sun san wanda suke tuhuma.

Na biyun, ihun wanda aka cutar da gaske, ya fi nauyi a zuciyata. A watan Mayun 2013, a Düsseldorf, Burkhard Kosminski ya mayar da operar Tannhäuser ta Wagner zamanin 'yan Nazi, da ɗakin iskar guba da harbe wani iyali a gaban jama'a. Wasu 'yan kallo sai da suka nemi likita. Gidan ya janye tsarin, aka ci gaba da rera waƙoƙin kawai ba wasa. A wani gidan opera a Landan a 2015, Damiano Michieletto ya saka fyaɗen da sojoji suka yi wa wata mata a cikin Guillaume Tell na Rossini, mutane ba su jira ƙarshe ba, a tsakiyar kiɗa suka ɗau ihu. Shugaban sashen opera na gidan, Kasper Holten, ya ba da haƙuri kan rashin gargaɗi, aka kuma sassauta wurin. Daraktan na da hujja, domin zaluncin sojojin mamaya yana cikin labarin tun asali, kuma yaƙi haka yake yi wa mata. Duk da haka, a cikin mutum dubu biyu da ke zaune akwai wadda abin ya taɓa faruwa da ita, ta shigo ba a faɗa mata komai ba. Ihun da aka yi domin irinta ban ɗauke shi rashin wayewa ba.

Akwai wanda ya shafe mu Musulmi kai tsaye. A Berlin a 2003, Neuenfels ɗin nan ya ƙara wa Idomeneo na Mozart wani ƙarshe inda sarki ke fito da yankakkun kawuna, waɗanda aka ce na Poseidon (abin bautar tsoffin Girkawa) ne da Buddha da Annabi Isa (AS) da Annabi Muhammad (SAW). Babu wannan a rubutun asali ko kaɗan. A 2006 shugabar gidan ta soke wasan bayan gargaɗin jami'an tsaro, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta soki matakin, aka dawo da shi a Disamba cikin tsaro, kuma babu abin da ya faru. Ina ƙin wannan ƙari har cikin raina, kuma ina ganin mutumin da ya iya fito da ma'ana daga ɓeraye bai buƙaci wulaƙanta abin da miliyoyin mutane ke girmamawa ba. Amsar da ta dace da shi ita ce wadda zauren ya riga ya tanada: a ƙi zuwa, a rubuta suka, ko a yi ihun idan ya fito.

To batun ɗa'a fa? A al'adar gidan opera ihu bayan an sauke labule ba laifi ba ne, tsohon haƙƙi ne na mai tikiti. Masu zama a kujerun can sama na gidan opera na La Scala a Milan sun yi suna da shi. A 2006 sun yi wa mawaƙi Roberto Alagna ihu har ya fice a tsakiyar operar Aida, wani mawaƙin ya shigo sanye da tufafinsa na gida ya ƙarasa. Wannan ni ban so ba. Mawaƙi yana tsaye da muryarsa kaɗai, kuma na kusa da kai ya biya ne don ya ji kiɗa. Darakta kuwa ya yi watanni yana shirya hujjarsa, ya kamata ya iya jin martani.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda abin kunya ya zama talla. A Stuttgart a Oktoban 2024, wasan Sancta na Florentina Holzinger, mai tsiraici da jini na gaske, ya sa mutum 18 neman taimako saboda tashin zuciya da firgita. Da jaridu suka yaɗa labarin, tikitin sauran ranakun ya ƙare ƙaf, kuma sauran gidajen wasa sun ga haka.