Filin Likitan Dabbobi: Allurar LA ta daina yi wa raguna aiki, ko jabu ake sayar mana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ina kiwon raguna ne a wani ƙauye kusa da Gumel, ina sayo su a kasuwar Maigatari ranar Alhamis in turke su har babbar sallah. Da can in rago ya fara tari ko majina allurar LA guda ɗaya nake masa washegari ya miƙe ya kama cin dusa, amma bana wallahi wasu har sau biyu na yi musu ba canji, na canja kamfani duk ɗaya, biyu ma sai yanka su na yi muka raba naman. Kuma ni duk ragon da na sayo sai na yi masa rabin sirinji tun ranar farko saboda riga-kafi. Don Allah maganin ne jabu ko wata sabuwar cuta ce ta shigo?
Daga wani mai kiwo, Gumel.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Jabu kam akwai shi, kuma ko mai kyau ne in ya sha rana a tabarmar mai talla daga wannan kasuwa zuwa waccan ƙarfinsa raguwa yake, don haka a dinga duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma tunda ka canja kamfani ba ta canja zani ba, ni zargina ya fi tafiya kan rabin sirinjin nan naka.

LA ɗin nan, wato oksitetirasaikilin, bakteriya yake yaƙa, kuma mai ƙarfin kashi 20 ɗin da aka fi sayarwa awonsa mil 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. To in sirinjinka mai mil 5 ne ka ga rabinsa mil biyu da rabi kenan, shi kuwa ragon da ya kai kilo 40 mil 4 yake nema. Abin da ka ba shi zai kwantar da raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin kai, kamar dai feshin ciyawa ne da aka cika wa ruwa, mai laushi ta mutu aya-aya ta samu fili. Su kuma waɗanda suka tsira hayayyafa suke ba wasa, irin su E. coli in sun samu yadda suke so duk minti 20 sai ɗaya ta zama biyu, kuma abin takaicin har miƙa wa junansu wannan taurin suke, ko da ba jinsi ɗaya ba. Shekara da shekaru ana haka a garke ɗaya, ga shi kafin ragon ya iso hannunka Allah kaɗai ya san allura nawa ya sha a hannun dillalai. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 shi da kansa ya yi wannan kashedin na ba da maganin da bai kai awo ba, tun 1945 lokacin da aka ba shi kyautar Nobel.

Sannan Malam LA ba riga-kafi ba ce, ko kusa. Tari da majina da zawo a sababbin raguna, musamman in da ƙuraje a baki da kwantsa a ido, sau tari PPR ce, wato annobar nan ta awaki da tumaki, ita kuwa bairos ce ke kawo ta, ko kwalba guda ka juye masa ba za ta ji ba, iyakaci likita ya ba da maganin don tare ciwon huhun da ke biyo bayanta. Riga-kafinta na gaskiya ana haɗa shi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato, allura ɗaya tana tsare dabba aƙalla shekara uku, ka tambaya a ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukumarku. Tsutsar ciki da ciwon hanta su ma maganinsu daban. Duk ragon da ka sayo ka turke shi gefe guda na sati biyu zuwa uku, kwanon ruwansa daban, wanda ya nuna alama a kira malamin dabbobi ya gani kafin a taɓa sirinji, in ya rubuta magani na kwana biyar a cika biyar ɗin ko da ragon ya miƙe a rana ta biyu.

Biyun da ka yanka su suka fi tsaya min a rai. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono, na LA yakan kai sati uku zuwa huɗu a nama, kuma tafasa ba ta fitar da shi duka. Ba wai wanda ya ci zai faɗi nan take ba, a'a, ƙwayoyin cikinsa ne suke ta sabawa da maganin da wata rana za a rubuta masa a asibiti. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne a gaba.

TAMBAYA: Likita ina da kaji masu ƙwai a gida, duk sati nake zuba musu garin magani a ruwa saboda mai shago ya ce yana ƙara ƙwai. Akwai matsala in yara suna cin ƙwan?
Daga wata uwa, Kura.

AMSA: Hajiya mai shago ciniki yake nema. Ki juya bayan ledar ki sa a karanta miki, da yawa cikin waɗanda ake cewa bitamin ne akwai maganin bakteriya a haɗe, in kin ga enrofloxacin ko colistin ki ajiye shi sai da izinin likita. Na farkon ɗan uwan sifiro (ciprofloxacin) ne da ake ba mutane, na biyun kuwa shi ake ajiyewa don marar lafiyan da sauran magunguna suka gaza a kansa, kuma a 2015 aka gano a ƙasar Sin cewa ƙwayoyin cikin dabbobin gona sun fara bijire masa. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don kawai su yi girma.

E, maganin yana sauka a ƙwai, shi ya sa in kaji na kan magani ba a ci ba a sayar sai kwanakin da aka rubuta sun cika, wasu ma a jiki an rubuta kar a ba masu ƙwai sam. Kuɗin garin nan ki mayar da shi kan Lasota, wato riga-kafin cutar Newcastle mai kashe kaji, a kan lokaci, da wanke mazubin ruwa kullum, da canja ɓuntun shinkafar ƙasan ɗakin in ya jiƙe. Kashin kajin kuma tunda na san ’yan lambun Kadawa ba sa bari ya kwana, a tara shi ya yi zafi ya ruɓe tukuna kafin a kai shi gindin latas da tumatir da ake ci ɗanye.