Tambaya da amsa: Zauren kakanmu ya tsage, mu ƙara masa siminti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan cikin birni ne, gidanmu na wajen Kwarbai. Zaurenmu na ƙasa ne mai bakan gizo, wato lanƙwasasshen bakan da ke ɗauke da rufi, manya sun ce zuri'ar Babban Gwani suka gina wa kakan babanmu, wai ma shi Babban Gwanin ne ya gina tsohon cocin Wusasa. Shekara 4 da suka wuce muka yi masa filasta da siminti ciki da waje, to bana tun ruwan Yuli bango ya tsage daga kusurwa, filastar ta kumbura, kuma almajirai sun fi 15 da ke kwana a ciki. Birkila ya ce a ƙara siminti mai kauri a zuba dekin a sama. Wallahi in hadari ya taso ba na iya barci.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka gama karanta wannan amsar, don girman Allah ka tashi yaran nan daga zauren, yau, ba gobe ba. Ko a barandar maƙwabta ne su kwana. Rashin barcin da kake yi yana da dalili.

Maganar Babban Gwani, bari in gyara maka ita tunda kullum ana cakuɗa ta. Shi wannan gwani, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu wasu kuma Malam Mika'ila, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Shi kuwa cocin St. Bartholomew na Wusasa sai 1929 aka gina shi, lokacin da 'yan mishan ɗin CMS na cocin Angilikan, wanda wani Bature Likita Miller ya kafa a cikin birni, suka koma can. Ka ga tsakani ya kusa shekara 90, ba yadda za a yi mutum ɗaya ne. Abin da ya haɗa su shi ne hannu iri ɗaya ne, tubali da azara da bakan gizo, ginin Hausawa tsantsa, shi ya sa in ka shiga cocin nan ka ɗaga kai sai ka ji kamar kana wani babban soron fada. Akwai kuma soron da ake kira Babban Gwani a Kafin Madaki can jihar Bauchi da ake danganta masa, ga labarin baka na masallacin Birnin Gwari da tsofaffi ke bayarwa. Tsohon masallacin namu a shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, sashe ne ya rage a ciki a lokacin, in kana son ganin cikakkiyar siffarsa sai ka je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos inda aka gina kwafinsa, aikin da wani akitek ɗan Poland, Dmochowski, ya tsaya a kai. Duk lokacin da na tuna sai mun je Jos za mu ga namu, raina yana ɓaci. Zaurenku kuwa zai iya zama aikin zuri'arsa, don sana'ar gado ce kuma har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birni.

To yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kusan duk mako sai an kawo mini shi: wai siminti yana ƙara wa ginin ƙasa ƙarfi. Ba ya ƙarawa. Kashe shi yake yi, a hankali, kuma a ɓoye.

Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya amayar da shi da rani, ya ɗan kumbura ya ɗan tsuke, haka yake rayuwarsa tun ranar da aka ɗora tubalin farko. Siminti kuwa ba ya motsi tare da shi kuma ba ya barin danshi ya fita yadda yaɓen ƙasa ke bari. Damina ɗaya biyu sai su rabu, a samu rata a tsakani, filastar ta yi 'yar tsaga kamar gashi a can sama wajen rawani, wato bakin saman bango, ko gindin indararo. Ruwa ya shiga ta nan. Ta ina zai fita? Babu. Ga kuma danshin da ke hawowa daga ƙasa ta gindin bango, wanda da can iska ke busar da shi, yanzu kun rufe ciki kun rufe waje, kun mayar da bangon kamar tulu. Zariya muna samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, ka lissafa damina 4 ana ɗura wa bango ruwa ba mafita.

Na taɓa zuwa duba wani soro a cikin birni a watan Janairu, tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa saboda bushewa. Daga waje fes, an yi fenti har da ado. Na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa sai ya amsa kamar ganga. Muka ɓalle filasta tafin hannu ɗaya, na zura hannu na damƙo ƙasa, wallahi sai ta dunƙule a hannuna kamar tuwon da ya kwana, ga sanyi ga warin ruma, ga gara ta yi hanyoyi har sama. Bakin azarar da ke cikin bangon da ɗan makullin mashin na kankare shi yana zubowa. Azarar giginya fa, wadda gara ba ta cika yi wa komai ba in tana bushe. Mai gidan ya tsaya yana kallo ya kasa magana, don a ɗakin uwarsa ke kwana.

Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Bangon da ba a shafe ba in yana ciwo zai nuna maka, za ka ga zaizaya, ka kira magini ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, shi ke nan. Wanda aka shafe da siminti ba ya nuna komai sai daren da aka kwana ana ruwa a watan Agusta, gindin ya zame, bakan gizon ya buɗe ƙafa, rufin ƙasa gaba ɗaya ya sauko kan mutane. Sai ka ji ana cewa ai ginin ƙasa ne, ya tsufa. Shekara ɗari yana tsaye bai tsufa ba sai da aka shafa masa siminti?

Shi kuma birkilan da ya ce a zuba dekin, ka ce masa na ce ya ji tsoron Allah. Kankare mai kaurin santimita 15 nauyinsa ya kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato sama da buhun siminti 7, ka ɗora wannan a kan jiƙaƙƙen bango? Bakan gizo ba ado ba ne, azara ce aka jera ana ɗaure ta gaɓa gaɓa tana ɗan leƙowa a kan ta ƙasa, tunda ita kaɗai ba ta tsallake fiye da kamar ƙafa 6, kuma duk nauyin yana sauka ne kan kaurin bango. In gindi ya yi laushi komai ya tafi. Ba na raina sana'ar kowa, amma wanda ya koyi jera bulo bai koyi tubali ba, kuma da yawansu ba za su ce maka ban sani ba, sai dai su ce kawo kuɗin siminti. Su ma ofisoshin ba su da sauƙi, na taɓa rubuta wa wani ofishi takarda kan wani tsohon soro, aka yi ta ce mini fayil na kan teburin oga, kafin su turo mai dubawa an riga an kwashe ƙasar.

Magina na da ai ba wawaye ba ne, sun san ruwa. Makuba suke yi da ɓawon ɗorawa su shafe bango, rufi kuma su yi masa laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, yana tare ruwan sama amma yana tafiya tare da ƙasar, in ya gaji a sabunta. Sai dakali a gindi don kada ruwan indararo ya riƙa dukan bango.

Ga abin da za ku yi. Yanzu da damina kada wanda ya ɗauki guduma ya ce zai ɓalle filastar gaba ɗaya, wani wurin ita ce kaɗai ke riƙe da jiƙaƙƙiyar ƙasar. A tokare bakan gizon da katako masu kauri, a sa faffaɗan allo a ƙasa da sama don kada tokarar ta huda. A share indararo, a shimfiɗa tamfol a rufi, a yi wa ruwan gindin bango hanya ya yi nesa. Ka ja layi da fensir a bakin tsagar ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta, in bayan kwana 3 ta ƙaru to ko wucewa ta zauren a daina, a buɗe wata ƙofa. In rani ya kama, wajen Nuwamba, a riƙa cire simintin kaɗan kaɗan daga sama, a bar bango ya sha iska, a canza azarar da ta ruɓe, a cike da tubali da jar ƙasa irin ta asali, sannan yaɓe da makuba. In kuna son kwano ba laifi, amma a kan firam marar nauyi mai dogon baki da zai jefa ruwa nesa da bango.

Mutum biyu za ka nemo su duba tare, tsohon magini na ƙasa wanda ya taɓa ɗaura baka da hannunsa, ka tambaya a cikin birni za a nuna maka, da injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ko ka shiga Samaru sashen koyar da zanen gine-gine na ABU ka nemi masu nazarin ginin gargajiya. Ka turo mini hoton tsagar da na gindin bangon ta waje, da hoton inda ƙafar bakan ta shiga bango, in gani kafin Juma'a.